Yadi Shida da Rabi

Na zo ta uku a mita ɗari takwas
a filin jami'a, can Samaru,
ba don ƙafa ta gaza ba.
Hannu ɗaya ne ya yi tseren,
ɗayan yana dafe da ɗankwali
tun daga kwanar farko har layin ƙarshe.
Wandon kuwa na Yaya Sabi'u ne,
na naɗe ƙugunsa sau biyu, na kama shi da fil,
fil ɗin ma ya kama ni.

Dubu ashirin aka ba ni a ambulan.
Koci ya ce, sayi takalmi.
Inna ta ce, zuba adashe.
Ni kuwa na hau bas ta Kwangila, sai Sabon Gari,
na kutsa layin 'yan yadi
ina jan kowane ƙyalle kamar danƙo.
Mai shago ya ce, "Malama, ba a ja sai an saya."
Na ce, "Ai jan na zo saye."

Yadi shida da rabi, shuɗi da ruwan toka.
Rabin gyara ne.

Keken Goggo Lantana a Tudun Wada
ya shekara talatin yana cin atamfa da shadda,
bai taɓa ɗanɗana mai miƙewa ba.
Ya tsallake, ya tsinka zare, ya cukurkuɗe.
Goggo ta sauke tabarau kan hanci:
"Sahura, wannan yadi ne ko hanjin kaza?"

Wandon farko Rifkatu na bai wa,
'yar Wusasa, mai dogon tsalle.
Ta sheƙo, ta tashi sama,
muka ji ɓarrr kafin ta sauka.
Ta zauna cikin yashi ta ƙi tashi,
tana dariya har da hawaye,
sai da na kawo zani.

A daren na warware shi kaf a hasken waya.
Ashe miƙaƙƙen ɗinki taurin kai gare shi.
Sai an bar zare ya yi tafiyar maciji,
a ba shi wurin numfashi,
kamar ni a zagaye na biyu.

Yanzu ina da hijabi marar fil,
da riga mai sauka har cinya, da tsaga a gefe,
da ɗan aljihu na kuɗin mota.
Ba na sayar da abin da ban yi gumi a ciki ba.
Bayan asuba nakan sa shi,
Ƙofar Doka zuwa Ɗanmagaji, in dawo,
in wanke sau bakwai in ga ko zai zuba.

'Yan ƙwallon hannu na Kongo sun karɓi tara.
Tasalla tun azumi nake bin ta dubu da ɗari biyar,
kullum ita ke fara gaishe ni.
Wata uwa ta zo daga Gyallesu da 'yarta a baya,
ba ta tambayi farashi ba,
ta auna rigar da taƙi, ta sake aunawa,
ta ce, "In ta kai nan, na yarda ta buga."
Na ƙara yatsu uku.
Ban caji yatsun ba.

Ribar watan nan: fakitin allura,
da kuɗin takalmi ƙafa ɗaya.

Ran Asabar muka sake jeruwa a layi.
Biyu cikinmu ɗinkina ne a jikinsu, ni ta uku.
Bindiga ta tashi. Hannuna biyu duk nawa ne.
A kwanar ƙarshe Hansatu ta wuce ni fit,
kuma maimakon in taka,
sai na tsinci kaina ina duban bayanta,
daidai kafaɗa, inda na sha wuya da allura.

Na sake zuwa ta uku.
Koci yana ta faɗa.
Ɗinkin bai saki ba.